Gaskiyar Yadda Inna Ta Karye

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ku a inda kuke. Mu ma nan muna godiya ga Allah. Maigidana yana nan lafiya, yara sun koma makaranta. An sallamo Inna daga asibiti yau kwana tara, shekaranjiya aka cire zaren ɗinkin, likita ta ce wurin ya yi kyau, ba ruwa ba kumburi. Tana iya zama a bakin gado idan an tallafe ta, amma takawa da saura. Baba kuma yana nan yadda ka sani, ko in ce yadda ba ka sani ba, domin abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali kullum waya tana hannunmu. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya kai ke magana ni ke saurare. Duk ranar da na fara kawo maka batun gidan nan, ko dai layi ya lalace, ko ana jiranka a wani taro, ko ka ce min in yi haƙuri za mu yi maganar daga baya. Takarda ba a katse ta. Kuma ba zan ɓoye maka ba, Yaya, cikin fushi nake rubuta ta. Na jira fushin ya sauka kwana da kwanaki, ya ƙi, sai na ga gara ka ji shi yadda yake da in ci gaba da gaishe ka da murya mai daɗi ina haɗiye shi.

Abu biyu ne suka kai ni bango. Na farko shi ne saƙon muryar da ka turo min washegarin ranar da aka yi wa Inna aiki, ina zaune a kan bencin asibiti ko wanka ban yi ba, kana tambayata wai ina nake har uwarmu ta faɗi ta karye, wai me ke nan amfanin zamana kusa da su. Na biyu kuma shi ne turo Baffa da ka yi ya zo ya yi min faɗa, wai na shigo da baƙon namiji gidan ubanmu ba da izininka ba, wai ina tona mana asiri a unguwa. To, tunda ka tambaya, zan ba ka amsa, kuma zan ba ka ita cikakkiya. Inna ta ce maka santsi ne ya kwashe ta a bakin ƙofar kicin. Ba haka aka yi ba. Ta riƙe hannuna a kan gadon asibiti ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa maka gaskiya ba, wai kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane. Yau na karya wannan alkawarin, Allah ya yafe min.

Amma kafin in kai ga ranar, bari in fara nuna maka Baban da muke zaune da shi, domin wanda kake gani a kiran bidiyo ranar Lahadi wani ne daban. Wancan Baban, Inna ce ke haɗa maka shi. Tun bayan azahar take farawa. Ta yi masa aski, ta goge masa jiki, ta lallaɓa shi ya sa farar riga da hula, ta fesa masa turare kamar kana iya jin ƙamshin ta waya, sannan mu kama shi mu zaunar da shi a kujerar nan ta kusa da taga, wajen da fentin bango bai ɓare ba. Ita kuma ta zauna dab da shi ta riƙe masa hannu ta ƙasa inda ba ka gani, tana matsawa idan lokacin amsawa ya yi. Duk abin da ka faɗa sai ya ce madalla, madalla, kai kuma ka yi dariya ka ce ai Baba da sauƙi. Yaya, haka yake ce wa mai kawo takardar wuta madalla. Minti goma kake yi ka kashe wayar. Mu kuma mu yi awa guda muna fama a cire masa rigar, daga nan Inna ta haɗiyi maganin ciwon baya ta miƙe a ƙasa kan siminti.

Ciwon mantuwar nan shekara uku ke nan yana cinsa, kuma tun shanyewar ɓarin jikin da ta taɓa shi bara, ƙafar hagu jan ta yake yi. Ba ya sanin lokacin da fitsari ko bayan gida ya zo masa. Yana tsoron ruwa. Idan aka zo cire masa kaya, gani yake ɓarayi ne suka tare shi a hanya, sai ya damƙi duk hannun da ya samu. Ka san hannun Baba, hannun da ya yi shekara talatin da biyar yana murɗa sitiyarin babbar mota. Hankali ya tafi amma ƙarfin nan yana nan, jikin nan ma yana nan. Ba ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa Inna ta koma sa riga mai dogon hannu ko ana zafi ba? Tsintsiyar hannunta duk shaidar damƙarsa ce. Ba laifinsa ba ne, bai san ita ba ce. Amma Inna shekararta saba'in da ɗaya, kuma ko a ƙuruciyarta ba ta kai masa kafaɗa ba.

Na san za ka ce ai kana aike. Gaskiya ne, ba ka taɓa gazawa ba, kuma ban raina ba. Injin tausan nan da ka aiko, fuloginsa bai shiga soket ɗin gidan ba, yana cikin kwalinsa a saman durowa. Agogon da ke ƙirga takun mutum, Baba ya jefa shi a kofin shayi tun makon farko. Keken marasa lafiya kuwa, mai kyau ne ƙwarai, sai dai ya fi ƙofar ɗakin Baba faɗi da yatsa huɗu, yanzu a kansa ake tara kayan wanki. Ba ina yi maka ba'a ba ne. So nake ka gane cewa abin da gidan nan ke buƙata ba ya shiga kwali. Hannu ake buƙata, da baya mai ƙarfi, ƙarfe bakwai na safe, kowace rana ta Allah.

Shi ya sa wata takwas da suka wuce na samo Dogo. Ka tuna shi, ko da yake ba ka taɓa tambayar ko wane ne ba. Dattijo ne, ya yi shekara ashirin da takwas yana aiki a ɗakin maza na asibiti har ya yi ritaya, jikokinsa suna makarantar da nake koyarwa. Na tsaya na ga yadda yake aikinsa. Ba ya taɓa tuɓe Baba gaba ɗaya. Tawul biyu yake amfani da su, ya rufe nan ya wanke can, har a gama wanka ba abin da ya fito fili. Yana ɗaura masa wani faffaɗan bel a ƙugu ya ɗaga shi da shi, yana yi yana jansa da hirar mota, wai giya ta nawa ake sakawa a hawan dutse da kaya, Baba kuwa ya saki jiki yana koya masa tuƙi. Kwana huɗu ya yi mana. A kwana huɗun nan na ga Inna ta yi barcin rana har da minshari, abin da rabona da gani tun kafin Baba ya kwanta.

Sai ranar Lahadi ta zo, ka hango shi yana wucewa ta bayan kujera da bokiti. Ba sai na tuna maka abin da ka ce ba, amma zan tuna maka, domin ni ban manta ko kalma ɗaya ba. Ka ce muddin kana numfashi babu baren da zai ga tsiraicin ubanka. Ka ce matarsa tana raye, 'yarsa tana raye, me mutane za su ce idan suka ji 'ya'yan Baba sun ɗauko wani yana share masa jiki. Na ce maka Inna ba za ta iya ba, ka ce mu mata mun iya zuzuta abu, ai ita ke yi tun da, kuma ba ta taɓa kawo maka kuka ba. Yaushe Inna ta taɓa kawo maka kuka a kan wani abu? Kai ne ɗanta na fari, maganarka a wurinta ta gama komai. Da yamman nan ta ba Dogo haƙuri ta sallame shi, kunya ta hana ta kallon fuskarsa. A bakin ƙofar gida ya tsayar da ni ya ce min wannan baiwar Allah ba za ta ɗore ba, wata rana su biyun za su zube tare. Ya ce ko ba komai a juya ƙofar banɗakin ta riƙa buɗewa ta waje. Na ce to. Ban yi ba. Wannan laifina ne, kuma ina ɗauke da shi.

Daga ranar muka koma raba aikin ni da ita. In biyo da sassafe kafin in wuce makaranta in ba shi magani, in dawo ƙarfe ɗaya mu yi masa wanka tare, Asabar da Lahadi in wuni. Amma jikin mutum ba ya jiran a tashi daga makaranta. Duk abin da ya faru tsakanin bakwai da ɗaya, ita kaɗai ce. Wata takwas tana ɗaga mutumin da ya ninka ta nauyi, ina tambayarta ya bayan, tana ce min da sauƙi.

Ranar Talatar da abin ya faru, mun fara jarrabawar tsakiyar zango. Na biyo ƙarfe shida da rabi, Baba yana barci, na ajiye maganinsa a kan faranti, na roƙi Inna kada ta taɓa shi sai na dawo. Wajen ƙarfe tara ya ɓata jikinsa, har zanin gado. Ta ce min ta yi niyyar jirana, amma ta dube shi kwance a ciki yana kallon rufi, ta ga ba za ta iya barin mijinta awa huɗu a haka ba. Ta lallaɓa shi har banɗaki, ta zaunar da shi a kujerar roba, ta wanke shi tas. Wajen tayar da shi ne ƙafar hagun ta zame a kan sabulu, ƙafar kujerar ta karye, ya taho gaba ɗayansa a kanta. Kwatangwalonta ya daki gefen dakalin nan da ake ɗora bokiti. Ƙafafunsa suka tokare ƙofa ta rufe. Wayarta tana ɗaki a kan tebur. Famfo a buɗe.

Ta ce da farko ta yi ihu. Ihun ya firgita Baba ya fara kokawa, kuma duk motsin da ya yi a kan karyayyen ƙashin yake yi. Sai ta yi shiru. Ta rungumo kansa ta fara yi masa magana a hankali, ta ce masa mota ce ta lalace a hanya, an aika a kira makanike, ya kwantar da hankalinsa kada ya motsa. Ya yarda. Duk bayan ɗan lokaci ya tambaye ta ko makaniken ya iso, ta ce yana hanya. Haka uwarka ta yi kusan awa biyu, Yaya, kwance a cikin ruwan sanyi da ƙashi a karye, da mutum mai nauyin Baba a kanta, tana ba shi labarin makanike. Karanta wannan layin sau biyu, don Allah, kafin ka wuce.

Mai waldan da ke tsallaken titi ne ya ga ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar gida yana bin kwata, ya zo ya duba ko bututu ne ya fashe. Ya yi sallama ba amsa, ya leƙo, ya ji muryar Inna ƙasa-ƙasa. Tura ƙofar banɗakin bai yiwu ba don Baba na bayanta, sai da ya koma ya ɗauko guduma ya cire ta daga jikin bango. Ya gaya min cewa abin da Inna ta fara ce masa, kafin ta ce a taimake ta, shi ne ya miƙo tawul a rufe Baba. Tawul ɗin yana ƙasa a jiƙe cikin ruwa. Yanzu bari in lissafa maka waɗanda suka ga tsiraicin ubanka a ranar. Mai walda ya gani. Abokan aikinsa biyu da suka zo ɗaga shi sun gani. Mai shagon da ke kusa da mu ya gani, direban tasin da aka tsayar ya gani, matan maƙwabta da suka shigo kama Inna sun gani, har da waɗanda suka taru a tsakar gida don jin abin da ya faru. Ka kori mutum ɗaya mai tawul biyu da sanin ya kamata, ka samu rabin layi. Wannan shi ne sirrin da ka rufa mana.

Ka tambayi inda nake. Ina aji na biyar ina gadin jarrabawar lissafi, wayata tana kulle a durowar hedimasta kamar ta kowane malami. Da na karɓe ta na ga kira goma sha huɗu. Na fita ko jaka ban ɗauka ba. Ina can inda nake kowace rana tun da ka tafi, Yaya, tsakanin aikina da gidana da gidan iyayenmu, tafiyar minti ashirin a ƙafa da na yi ta har takalmana suka san hanya. Kai fa, ina kake? Ba don in ci maka fuska na tambaya ba. Na san neman halal ya kai ka, kuma da yardar su Baba ka tafi. Amma wanda ke nesa ya kamata ya san yana nesa. Ba zai yiwu ka bar mana ɗaukar kayan ba, sannan ka riƙe ikon faɗin yadda za a ɗauka.

Abin da ya fi ƙona min rai a asibiti na same shi. Bayan an yi aikin an sa ƙarfe, likitar ta kira ni ofishinta ta ɗaga hoton ƙashi a jikin fitila. Ta nuna min karayar, sannan ta matsar da biro sama ta nuna min wurare biyu a ƙashin bayan Inna, ta ce waɗannan tsagewa ne, kuma ba na yau ba ne, sun yi watanni. Ta tambaye ni wane irin aiki tsohuwar nan take yi, dako take yi ko me. Ta ce jininta ya hau sosai, kuma katinta ya nuna rabonta da zuwa a duba ta wata takwas. Ashe tun da Dogo ya tafi ba ta sake zuwa ba, don babu wanda za ta bar wa Baba, ni kuma tana ce min ta je. Likitar ta cire tabarau ta dube ni ta ce shin matar nan ba ta da 'ya'ya ne. Ban ce mata yayana ne ya hana ba. Na sunkuyar da kai na karɓi kunyar mu biyu ni kaɗai.

A daidai wannan hali, Inna na asibiti, Baba na gida ba mai ɗaga shi, na je har gida na roƙi Dogo. Da wani ne, da ya tuna mana korar da aka yi masa. Shi kuwa sai ya ɗauki bel ɗinsa ya biyo ni. Da Baba ya gan shi sai ya washe baki ya ce ga makanike ya iso, kuma har yau da sunan yake kiransa. To wannan ne laifin da ka ji labarinsa ka ɗaga waya ka kira Baffa.

Bari in gaya maka yadda aiken naka ya ƙare, don na san Baffa ba zai gaya maka ba. Ya zo da yamma da babbar rigarsa, ya zauna a falo, ya yi min nasiha mai tsawo a kan biyayya ga na gaba da rufin asirin gida. Na kawo masa ruwa. Ana cikin haka lokacin canza wa Baba famfas ya yi, Dogo kuma ya fita sayo magani. Sai na ce wa Baffa tunda ga shi Allah ya kawo na gida, jini ɗaya, ya taimaka min mu ɗaga yayansa. Ya naɗe hannun riga ya shigo. Yana kama shi Baba ya damƙi wuyan rigarsa yana kiransa ɓarawo, yana neman a kawo masa ɗauki. Muka yi ta fama, rigar ta yage, hular ta faɗi, ba mu iya ko juya shi ba sai da Dogo ya dawo ya gama komai cikin minti goma. Baffa ya fito ya zauna a dakalin tsakar gida yana haki, sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce shi duk zuwan da yake yi a falo yake gaishe shi ya tafi, bai san abin ya kai haka ba. Ya ce an aike shi da maganar da bai san kanta ba. Da zai tafi ya kama hannun Dogo da hannu biyu ya yi masa godiya.

Saboda haka ga abin da na yi, kuma sanar da kai nake yi, ba izini nake nema ba. Dogo yana nan, safe da yamma, kuma zai ci gaba da zama. Mai walda ya mayar da ƙofar banɗaki tana buɗewa ta waje, ya kafa ƙarafan kamawa a bango, ya ƙera kujerar wanka ta ƙarfe wadda ba za ta karye ba. Na sauko da gadon Inna falo inda za ta riƙa ganin Baba ba tare da ta taɓa shi ba, ƙanwar maigidana tana zama da ita har in dawo daga makaranta. Na kuma gaya wa maƙwabta sunan ciwon Baba a fili, na ce idan sun ga ya fito su riƙe shi, idan sun ji shiru ya yi yawa su leƙo. Ba wanda ya yi mana dariya. Mutanen da kake tsoron bakinsu su ne suka ɗauki uwarka a hannu zuwa mota, kuma su ne ke shigowa da kwano har yau. Idan ka sake kiran Inna ka ce a sallami Dogo, na san za ta ce to, har ta yi ƙoƙarin sauka daga gadon. Ka sani ni ba zan ce to ba. Na ce sau ɗaya, ga abin da ya haifar.

Kada kuma ka kira ta ka tayar mata da wannan magana. Ba ta san na rubuto ba, kuma idan ka tambaye ta musantawa za ta yi, ta yi kuka, jininta ya hau. Har yanzu tana kare ka. Jiya ma cewa ta yi muryarka ta yi mata kama da ta wanda ba ya cin abinci sosai. Idan kana da faɗa, ni ce na rubuta, ni za ka nema.

Abin da nake so a wurinka ɗaya ne. Ka zo. Shekara uku kana cewa baɗi. Kada ka zo na mako guda ka sauka a otal, ka shigo da tsaraba a yi hoto ka koma. Ka nemi hutun wata ɗaya, ka sauka a gidan ubanka, akwai katifa a ɗakinsa. Dogo ya ce cikin kwana uku zai koya maka yadda ake ɗaga shi da yadda ake rufe shi. Idan har gaskiya ne ba ka son bare ya ga jikin Baba, ga hanya nan, hannunka ya fi na kowa cancanta. Ranar da ka ɗaga shi sau goma, ka wanke shi sau goma, ka zo ka zauna ka faɗi ra'ayinka a kan yadda za a kula da shi, wallahi zan saurare ka kamar yadda ƙanwa ke sauraron yayanta.

Kuma ka yi sauri, domin ba Inna kaɗai ce dalili ba. Ranar Alhamis ina ba Baba abinci ya dube ni da ladabi ya tambaye ni 'yar gidan wane ce ni, ya ce iyayena sun iya tarbiyya. Na fita tsakar gida na yi kukana na dawo na ƙarasa ba shi. Ni da nake gabansa kullum na fita daga kansa. Kai kuwa kana nan. A wurinsa har yanzu ɗan makaranta ne kai, duk la'asar sai ya tambaya ko ka dawo, ya ce a ajiye maka abincinka kada ya huce. Ban san wata nawa wannan zai ƙara ba, likita ma ta ce ba ta sani ba. Na yi kishin abin, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ka zo tun yana nemanka.

Duk zafin da ka ji a takardar nan, kada ka ɗauka na daina ganin girmanka. Kai ne ka riƙa goya ni a bayan keke zuwa makaranta, kai ka zauna da ni a asibiti lokacin da na yi ƙyanda har ka rasa jarrabawarka. Na san akwai wannan mutumin a cikinka, shi nake rubuta wa. Idan na yi maka rashin kunya a wani layi, ka yafe min lafazin, amma maganar ba zan janye ko ɗaya ba.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce na gode da addu'o'in da take turowa. Ka shafa min kan babbar 'yarka da mai bi mata, Mai Tabarau, da ƙaramin da ban taɓa ɗauka ba. Maigidana yana gaishe ka, yarana suna gaishe da kawunsu da 'yan'uwansu. Baffa ya ce in miƙa gaisuwarsa. Inna tana gaishe ku gaba ɗaya, tana sa muku albarka kamar kullum. Baba kuma ya gan ni ina rubutu ya tambayi wa nake rubuta wa, na ce kai ne. Ya ce in gaya maka kada ka tsaya wasa a hanya, ka dawo gida kafin rana ta faɗi.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon yi musu abin da ya dace tun suna raye.

Ƙanwarka,
Auta